Gyambona da Nonon Dudu

A shekarar da na ci jarrabawar shiga makarantar kwana ta Kano, ina da gyambo a ƙwaurina na hagu. Kututturen kara ne ya soke ni a bayan gidanmu a Ƙafin Maiyaki, ɗan rauni wanda a da kwana huɗu ya ishe shi ya bushe. Wannan kuwa ya yi wata guda yana ruwa. Malaminmu ya riga ya faɗa mana cewa malamin asibiti zai zo daga Kiru ya duba mu kafin tafiya, kuma mai gyambo ba a ɗaukarsa, sai a ba wani gurbinsa. Saura mako biyar. Ban gaya wa kowa ba cewa in na yi asuwaki da safe, jini nake gani a bakin icen.

Iya ce ta gano, kakata ta wajen uba. Bafulatanar Falgore ce aka auro ta gari, kuma babana ɗan farinta ne, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. In ya durƙusa gaishe ta, bango take kallo ta amsa. Ni kuwa angonta nake, kullum tana tsokanata wai na cika shiru kamar tukunyar ruwa.

Babana tela ne, ya yi shekaru a Kano, ya dawo da tsabta da ƙa'ida. Tun da aka ce zan zauna jarrabawa ya hana ni bin yara daji tsinkar magarya da kanya da tsamiya, ya ce ɗan makaranta ba ya yawo yana tsotsar abin daji kamar biri. Ana nan kuma wata rana ya tarar da Dudu, matar da ke kawo mana nono daga ruga, tana kaɗa farin garin 'ya'yan kuka a cikin ƙwaryarta. Haka matan ruga ke yi da rani in nono ya yi ƙaranci, yana ƙara masa kauri da tsami. Babana ya ce ha'inci ne, ya hana ta shigowa gidanmu. Daga nan abincina ya zama koko da safe, tuwon dawa da busasshiyar miya mai kanwa da dare, har watanni.

Bayan sallar magariba mukan taru gaban murhun Iya, garwashin tuwo bai gama mutuwa ba. Ran nan ta sa aka shimfiɗa tabarmar kusa da katangar zaure, inda babana kan zauna yana jiran isha'i. Na lura da wannan, don ni mai lura ne, amma ban gane dalili ba.

"Kunnuwa suna gida?" in ji ta. Haka take buɗe tatsuniyarta.

"Suna gida!" muka amsa ni da ƙannena.

Ta ce an yi wani mai gari da ya tsani tsami. Ran da ya ciji ɗanyar tsamiya haƙoransa suka mutu, sai ya sa aka sare duk itacen da ke 'ya'ya masu tsami a garin. Rumbuna cike da hatsi, kowa na ƙoshi. Amma kafin damina ta zagayo, fatar mutane ta bushe ta yi furu-furu, haƙora suka fara girgiza, tsoffin tabo suka sake buɗewa. Ɗan mai garin, wanda yake ji da shi, ƙaya ta karce shi, raunin ya ƙi rufewa. Aka yi turare, aka yi shafe-shafe, shiru. Sai wani maharbi ya zo ya ce shi dai abu ɗaya ke ba shi mamaki: birai a daji kullum faɗa suke suna yagar juna, amma bai taɓa ganin biri da gyambo ba.

"Iya, me ya sa?" na tambaya. Ban cika magana a taro ba, har ƙannena suka juyo suna kallona.

"Yau ango ya yi baki! To me biri ke ci?"

"Tsamiya. Da kanya. Da 'ya'yan kuka."

"Kai ka faɗa, ba ni ba."

Ta ci gaba, muryarta ta ɗan ɗaga fiye da yadda ta saba. Wata tsohuwa mai tallar nono, wadda aka kora daga garin don nononta na da tsamin kuka, ita ta riƙa zuwa bayan katanga tana miƙa wa yaron ludayi biyu kullum. Fata ta haɗe, haƙora suka tsaya. Mai gari ya sa aka sake shuka itatuwa, amma kuka ba ta girma a zamanin mutum ɗaya, sai jikokinsa ne suka sha inuwarta.

"Ta ƙare, na naɗe ta na sa a ƙarƙashin tabarma," in ji Iya.

Can sai muka ji gyaran murya daga zaure.

"Sule," in ji babana. "Tambayi kakarka, yaron nan kwana nawa ya yi kafin ya warke?"

Na juya na maimaita mata tambayar, ko da yake ta ji sarai. Iya ta tona garwashi da kara, ba ta ɗago ba.

"Gaya wa mai tambaya, tatsuniya ba ta ƙirga kwana. Amma Dudu gobe za ta bi ta ƙofar gidan nan, da hantsi."

Washegari babana bai fita kasuwa da wuri ba. Shi da kansa ya tsaya a ƙofa ya ce wa Dudu ta shiga. Ta dube shi ta ce, "Malam, yau ma da kuka a ciki fa." Ya ce, "A ƙara."

Na samu bayan littafin lissafina na ja layi, kullum ina auna faɗin gyambon da tsinke, ina rubuta abin da na ci. Iya na jiƙa mini tsamiya a ruwan sanyi, ta hana a tafasa, tana kuma matsa mini lemun tsami in an samu ranar kasuwa. Jinin asuwaki ne ya fara ɗaukewa. Daga baya gefen raunin ya soma tattarowa ciki. Ran da malamin asibiti ya zo, ya danna wurin da yatsa, ya ce tabo ne kawai, ya wuce kan na bayana.

Sai da na yi shekaru a makaranta malamin kimiyya ya koya mana bitamin C. Ya ce jiki ba ya iya yin sa da kansa, ba ya kuma ajiye shi da daɗewa. Da shi fata ke ɗinkewa, dasashi ke riƙe haƙori, jiki ke samun ƙarfin kare kansa. Yana cikin 'ya'yan itace da ɗanyen ganye, doguwar dahuwa da kanwa kuwa suna lalata shi. Da ya ce 'ya'yan kuka na cikin waɗanda suka fi shi da yawa, sai na ji ƙwaurina yana ƙaiƙayi. Har yau ba zan rantse cewa nonon Dudu kaɗai ya warkar da ni ba, don a makonnin nan Iya na wanke raunin da ruwan gishiri safe da yamma. Abin da na rubuta a littafina shi ne na sani.

Da na zo hutu na kwashe duka na gaya wa Iya, har da sunan abin. Ta gwada faɗarsa sau biyu ta kasa, ta yi dariya ta ce, "Ashe su ma sun tambayi biri."

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan darasi ne a kan abinci. Sai da na haifi ɗan farina na fara tunanin mace mai kallon jikanta yana lalacewa, maganin yana hannunta, mutumin da zai ba da izini yana taku goma daga gare ta, kunya kuma ta hana ta buɗe baki gare shi. Ban taɓa jin ta sake ba da wannan tatsuniyar ba, kuma duk tsofaffin da na tambaya a Kiru da Doguwa ba wanda ya san ta. Ina jin a yammacin nan ta ƙirƙire ta, don mutum ɗaya da ke zaune bayan katanga.