Tashar Mai Gidana a Kan Katako Ɗaya

Shekarun baya, kafin gwiwoyina su fara yi mini gardama, ni da mai gidana muna zaune a gidan ɗanmu a unguwar Levenshulme, cikin Manchester ta ƙasar Ingila. Ni ban taɓa shiga aji ba, faɗa nake ana rubuta mini, saboda haka ku bi ni a hankali.

Mai gidana ma'aikacin reluwe ne a Kafanchan tun yana saurayi. Aikinsa juya layi: idan jirgi ya taho, shi ke jan ƙarfen da zai sa ya bi nan ko ya bi can. Da muka zo ƙasar nan sanyi ya kulle shi a ɗaki, har ya zama daga gaisuwa sai shiru. Wata rana ɗanmu ya shigo da kwali. Ciki akwai kan jirgi da bai wuce tafin hannuna ba, da taragu, da guntayen layin dogo da ake haɗawa. Na ce a raina, yaron nan ya mai da ubansa jariri. Ashe ni ce ban san dawan garin ba. Tsohon nan ya kifa kan jirgin ya daɗe yana duba ƙafafunsa, sannan ya ce a ba shi takarda da fensir.

Ɗanmu ya ce ai ba sai an zana komai ba, a haɗa layin ya zagaya, a sa filogi, shi ke nan. Uban ya dube shi ya ce, "Abin da ke zagaye a wuri ɗaya ba jirgi ba ne, akuya ce a turke." Shi tasharsa yake so, yadda ya san ta: layin da ya nufi Jos, wanda ya gangara kudu, da rumfar da ake gyaran injina, da tankin ruwa. Muka auna ɗakin baya da igiyar shanya, ni ina riƙe da baki ɗaya, yana ta faɗa wai hannuna na rawa. Zanen farko duk ɗakin ya cinye.

Ba a buga ƙusa ko ɗaya ba sai GP, likitan unguwarmu, ya ce hantar mai gidana ce ta taɓu. Council, wato ƙaramar hukuma, suka kawo gadon asibiti, ya ɗauke rabin ɗakin. Mai gidana ya sa abin gogewa ya share layin Jos. Bayan nan keken tura shi ya zo, shi ma sai an ba shi kusurwa, rumfar injina ta tafi. Duk abin da zai share sai ya fara ba ni labarin mutanen da suka yi aiki a wurin, wane mai tsoron maciji, wane mai barci a tsaye. Yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Ina zaune ina tsinke alayyafo ina jin kamar sake binne su yake yi.

Ɗanmu ya yi ta roƙonsa a haɗa ko ɗan guntu ne a ƙasa, ya ga jirgin yana tafiya ko sau ɗaya. Ya ƙi. Wai ba a sakin jirgi a layin da ba a gama ba, ba a duba ba. Raina ya ɓaci, don ina ganin yadda idanunsa ke ƙara yin rawaya. Na ce, "Baban yara, da wannan taurin kan za ka tsaya gaban Ubangiji?" Ya ce ai Shi ya ba shi, zai gane kayansa.

Zanen ƙarshe katako ɗaya ne, tsawonsa kamar in na miƙe hannuwana biyu. Layi ɗaya miƙaƙƙe, wurin juyawa ɗaya, sai ɗan layin gefe. Na tambaye shi me ya sa duk girman tashar nan sai wannan lungun da ba abin da ke faruwa ya bari. Ya ce can taragun citta ke tsayawa, kuma a inuwarsu wata yarinya take sayar da masarar da ba ta nuna ba tana cutar ma'aikata. Na ce amma kullum mutum ɗaya ke dawowa in cuce shi.

Kafin ɗanmu ya buga layin a katakon, jikin uban ya rikice, aka kai shi babban asibitin da ke Edgbaston a Birmingham, inda 'yarmu ke aikin nas. Na dawo Manchester ɗaukar masa kaya, na tarar yaron ya gama buga layin, idanunsa jajir. Da safe 'yata ta kira ta ce kada in jira ƙarshen mako. Ɗanmu ba zai samu barin aiki ba sai washegari. Na naɗe katakon da zanena na ɗaurawa, na zuba jirgin a jaka, ya sa ni a jirgin ƙasa. Tsohuwa ba Turanci, rungume da katako kamar an ba ta goyo. Sai da na bugi mutum biyu da shi kafin in samu kujera.

A ward, ɗakin da aka kwantar da shi, 'yata ta gaya mini ba a jona kayan waje a wutar lantarkin asibiti sai mai dubawa ya duba, shi kuwa sai Litinin. Muka dubi juna. Mu biyun mun san Litinin ta yi nisa.

Na kwance naɗin, na ɗora katakon a teburin da ke gitte gadonsa. Ya bi layin da ido tun daga farko har ƙarshe, ya ɗaga kai kaɗan, alamar ya yi. Sai na ɗora kan jirgin na fara tura shi da yatsa, ina nufin layin gefen. Muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa.

"Tsaya, Maman yara. Ba ki juya layi ba."

Na tsaya. Na kama hannunsa na kai kan ɗan ƙarfen, ya danna shi da kansa. Sannan ya ce in wuce. Na tura jirgin ya shiga, ya tsaya inda ya kamata ya tsaya. Bai kai Litinin ɗin ba.

Na daɗe ina jin zafin cewa bai taɓa ganin jirgin nan ya tashi da wutarsa ba. Yanzu zafin ya kwanta, sai dai bai tafi ba. Abin da na gane shi ne, ciwo ya karɓe masa ɗaki da ƙafafu da ƙarfi, amma bai yarda a yi aikinsa ba daidai ba, ko a kan katako.

Har yau ina hawa jirgi tsakanin gidan ɗana da na 'yata. Akwai inda taragon ke ɗan girgiza idan ya sauya layi, mutane ba sa ko ɗaga kai daga waya. Ni kuwa ko magana nake yi, nan nake yin shiru sai mun wuce.