Muryar Makokin Inna Nabawiyya

Yayana Dahi bai taɓa yin sana'ar kirki ba, in ji dangi. Tun yana saurayi yake saɓa ƙaramin fiyanon lantarki a kafaɗa yana bin gidajen biki daga Ƙena, can kudancin Masar, har Alƙahira. Shekara goma sha tara yana kaɗa wa wasu suna yin suna. Kunne gare shi kam, ko ƙarar ƙofa ya ji sai ya fitar maka da ita da yatsa. Kunnen nan ne ya ja mana.

A ƙauyenmu kowace tsohuwa tana da muryar makokinta, da ita take yi wa nata kuka, da ita kuma za a yi mata ranar da za a fitar da ita. Innarmu Nabawiyya ta ƙago tata ne ranar da aka tsamo gawar Baba daga kogin Nilu. Ba a rera irin wannan sai da gawa. Na taɓa yin ƙunƙuninta ina cuɗa ƙullun burodi, marin da na sha har yau ina jin sa.

Wata rana a wani situdiyo a Alƙahira, an rasa amshin da za a yi wa wata yarinya mawaƙiya, Lujain, wadda za ta shiga gasar waƙa ta ƙasashe. Ana shan shayi hannun Dahi ya hau fiyano, ya kama muryar Inna ba tare da ya lura ba.

Furodusan ya ajiye kofi. "Kai Basa'ide, ɗan kudu, tsaya! Wannan fa daga ina?"

"Ba komai ba ne, ranka ya daɗe. Abin ƙauye ne."

"Abin ƙauye ya ci gidanku! Ƙara masa sauri mu ji."

Ya ƙara. Aka zuba ganga, aka ɗora kalaman soyayya, aka rubuta sunan Dahi a matsayin mai kiɗa, karo na farko a rayuwarsa. Ya san abin da ya ɗauka sarai. Ya ce mini wai ya zaci waƙar za ta mutu a hanya kamar sauran.

Ba ta mutu ba. Ta kayar da ƙasashe ashirin da biyu ta ɗauki kofi, ta hau saman jerin waƙoƙin da aka fi saurare ta zauna wata uku. Shagon aski ita, keken haya na tuktuk ita, wayar kowace budurwa ita.

Inna ta ji ta ne ranar lallen 'yar maƙwabta. Tana riƙe da tiren shinkafa aka sako ta, mata suka miƙe suna girgiza kafaɗa. Ta ajiye tiren a hankali, ta nemi takalmanta, ta koma gida.

Dahi ya zo da hoton kofin da sabon mayafi. Ya durƙusa zai sumbaci hannunta, ta janye.

"Inna, sunan gidanmu ya kai ƙasashen da ba mu taɓa ji ba."

Ta dube ni. "Sabriyya, tambayi baƙon nan ko zai sha shayi."

"Inna, ni ne fa."

"Ki kuma tambaye shi, ubansa ango ne da za a yi masa rawa?"

Ya koma wurin furodusan yana roƙo a janye waƙar. Mutumin ya yi dariya har da hawaye. "Bismilla, maigida. Fara da wayata, sai ka bi ta sauran mutanen duniya."

Dahi ya sayar da fiyanon, ya dawo gida yana yankan tikiti a jirgin fito. Kowace Juma'a yana zuwa ya zauna a bakin ƙofar Inna. Shekara biyu ba ta yi masa magana ba sai ta bakina. Na ji haushinsa, na ji haushinta, na gaji da zama waya a tsakaninsu. Da ciwonta ya yi tsanani ya ce in tambaye ta me zai yi ta yafe.

Ta ce, "Ki ce ya dawo mini da abin da za a yi mini kuka da shi."

Ta rasu da hantsi ranar Talata. Mata suka cika tsakar gida, Goggo Fahima, ƙanwar Baba, ta ɗauko muryar Inna a hankali kamar yadda take tun asali. Sai na ga 'yan mata a baya suna sunkuyar da kai, ɗaya tana cije leɓe. Da aka kai inda ganga take shigowa, jikar maƙwabta, 'yar shekara huɗu, ta tafa sau biyu. Wata ta ƙyalƙyale ta toshe baki. Goggo ta katse kukan, ba wadda ta ɗora. Haka aka fitar da Inna ba kuka, Dahi yana riƙe da gaban makara.

Yana nan a jirgin fito, furfura ta cika masa kai. Fasinjoji suna sakin waƙar a wayoyinsu, ba ya ɗaga ido. Bayan arba'in ya same ni a ɗakin Inna ya rufe ƙofa.

"Sabriyya, don Allah rera mini ita yadda take yi. Na neme ta a kaina, mai saurin kawai nake samu."

Na ce ba gawa a gidan. Ya ce ai ba a yi wa tamu kukan ba. Na rufe ido na fara, ina ganin Inna a bakin ruwa. Ina kaiwa tsakiya na ji ƙafata tana buga ƙasa tana bin gangar, shi ma yana kallon ƙafar.