Shiru-shiru Da Faifai Na Uku

"Ke, taɓa ta ki gani ko tana da rai."

"Tana da rai mana, ba ga hannunta nan yana guga ba?"

"To me take ji tun safe? Jiya na karɓi abin kunnen na saƙala, wallahi ba kowa a ciki. Kamar an bar famfo yana ɗiga a gidan da aka tashi."

"Ba ki jira ba ne. Ni da na saka sai na ji kamar tirela ta zubar da tukwane."

"Kiɗa ba mawaƙi? Ina mawaƙin ya tafi?"

"Ƙila mura yake yi."

"Ku yi a hankali, kunne ɗaya kawai ta toshe."

Wadda ake yi da ita tana jin su sarai. Ba ta ɗago ba. Ta shimfiɗa wata riga a kan injin guga, ta sauko da murfin, tururi ya yi fuuu, ta ɗaga. A gidan wanki da gugan nan Shiru-shiru suke ce mata, kuma ta fi kowa daɗewa a wurin. Ta ga canjin manajoji, ta ga lokacin da aka fitar da dutsen guga na hannu aka kawo injin, a bayan hannunta na dama akwai tabon ranar farko da ta gwada shi. Duk tsawon shekarun nan ba wanda zai ce ga ranar da ta ɗaga murya.

Ba ta taɓa bukatar hakan ba, don ta auri mai yi musu magana su biyu. Mijinta shi ne mai shela a tashar mota. Shi ke sanar da motar da ta cika da wadda ta kusa tashi, da yaron da ya ɓace, da jakar da aka manta. Lasifika suke kiransa, wai ko an ɗauke wuta tasha ba ta sanin an ɗauke. In ya dawo gida ma bai gaji ba. Ya kunna rediyonsa mai cin faifai, ya bi kowace waƙa baki da baki, ya gyara wa mawaƙi inda yake ganin ya kauce. Ita tana ninke kaya tana murmushi. Haka suka tara 'ya'ya, suka aurar, saura Auta da ke aiki a wani kantin magani.

Sai hawan jini ya kayar da shi, yana tsakiyar shela. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi. Yana jin komai, yana gane komai, amma in ya buɗe baki sai wani gurnani ya fito. Likita ya ja ta gefe ya ce mata abu ɗaya: kada a bar ransa ya ɓaci. Jinin in ya sake hawa irin na wancan karon, ba lalle a dawo da shi gida ba.

Da aka sallamo su, Auta ta kunna masa waƙar da ya fi so don ta faranta masa. Ya fara bi. Leɓe yana motsi, kalma ta ƙi zuwa. Ya sake gwadawa. Jijiyar wuyansa ta miƙe, idanunsa suka kaɗa, ya kai hannun hagu ya ture kofin shayi ya fashe a ƙasa. A ranar sai da suka koma asibiti. Labarai ma haka, wa'azi haka, duk muryar da ta fito daga cikin akwati da ƙarfinta da lafiyarta sai ta tayar masa. Suka kashe komai. Sai kuma shirun ya fara cin sa. Ya juya fuska bango, ya daina nuna yana son abinci, gidan da a da maƙwabta ke buga ƙofa a rage murya ya koma ana jin tafiyar agogo.

Auta ta nemo kiɗa zalla a waya. Yana cikin lumshe ido sai talla ta faɗo, wani ƙato yana ihun a zo a sayi sabulu. Daga ranar Shiru-shiru ta haramta waya a ɗakin.

Wannan ne ya kai ta shagon mai faifai da ke bayan wurin aikinsu. Shago ne da ya koma sayar da caja da murfin waya, faifan suna can ciki sun yi ƙura. Mai shagon, wani siriri mai furfura a gemu, ya saurare ta har ta gama.

"Baiwar Allah, wato kina son kiɗan da ba baki."

"Ko tari kada a yi a ciki, Malam. Kuma mai tsawo. In ya yi saurin ƙarewa sai ya tsorata."

Ya shiga ciki ya daɗe. Ya fito da faifai uku yana goge su da gefen riga.

"Wannan fos-rok ake ce masa. Jita ce da ganga, wani lokaci da fiyano, amma ba mai rerawa. Waƙa ɗaya sai ki dafa abinci ki sauke ba ta ƙare ba. Tun da na buɗe shagon nan mutum biyu suka taɓa tambayata shi, ɗaya ma ɓatan kai ya yi." Ya jera su a kan tebur. "Ki fara da wannan, shi ne mai sanyin hali. Zai fara can ƙasa kamar bai kunnu ba. Kada ki murɗa, kin ji? Kowa nan yake yin kuskure. In kika ƙara masa murya a farko, can gaba sai ya ɗage miki rufin ɗaki. In ya saba da shi sai ki ba shi na biyu. Na uku a bar shi ƙarshe, yana da nauyi."

"Ka tabbata ba magana?"

Ya sosa gemu. "Na farkon zan iya rantse miki. Sauran kuwa... mutanen nan suna da wata ɗabi'a. Sai a yi nisa, kin saki jiki, su cusa muryar wani da suka ɗauko a titi ko a rediyo. Na daɗe ban ji su ba. Ba zan ɗauki alhakin bawan Allah ba."

Ya ara mata wata 'yar na'ura mai cin faifai da abin kunne. Tun daga nan ta ɗora wa kanta doka: ba abin da zai shiga kunnen maigidanta sai ya bi ta nata, daga farko har ƙarshe. A gida ba hali, don idonsa yana kanta. Sai a wurin aiki, kunne ɗaya a toshe, ɗaya a buɗe saboda manaja. Sauraron ba na jin daɗi ba ne. Yadda take duba farar riga a gaban taga tana neman tabo, haka take bin kiɗan. Jita ta yi wani kuka sai gabanta ya faɗi, ta mayar baya, ta ji ashe ba mutum ba ne. In injin ya yi fuuu ya rufe mata wani wuri, nan ma baya.

Na farko ya wuce lafiya. Ta kunna masa da yamma, ta zauna dab da rediyon, yatsunta a kan maɓalli. Da farko ya harare ta, kamar ya ce abin ya lalace. Jita ɗaya tana maimaita abu guda, ta sake, ta sake. Wata ta shigo ta bayanta. Ganga ta fara can nesa. Da abin ya fara cika ɗaki ta ɗan rage, ya yi gurnani, ta mayar. Sai ta ga ɗan yatsansa na hagu yana bugun hannun kujera. Ba abin da zai bi da baki, ba abin da zai gagare shi. A daren ya nuna kwanon abinci da kansa.

Na biyu ma ya wuce. Suka yi ta juya su biyun har ya san inda kowace ganga za ta shigo.

Na ukun ta saka shi a ranar da 'yan uwanta ma'aikata ke mata tsiyar mawaƙi mai mura. Ya fi sauran duhu, akwai wani abu a ciki mai ja kamar goge. Ta kai wajen rabi sai manaja ya leƙo.

"Shiru-shiru! Zo ki ga mai kwat ɗin nan, ya ce mun canja masa maɓalli."

Ta zare abin kunnen ta ajiye, ta manta ba ta tsayar ba. Mai kwat mutum ne mai son a saurare shi. Kafin a gano cewa matarsa ce ta canja maɓallan, faifan ya ƙare shi kaɗai a kan tebur, an kuma fara rufe tagogi. Ta jefa shi a jaka da niyyar gobe ta sake daga farko.

Tana kicin tana yanka albasa ta ji kiɗa ya tashi a ɗaki. Ta ci gaba da yanka. Sai abin nan mai ja kamar goge ya shigo. Wuƙar ta tsaya.

"Auta! Wanne kika saka?"

"Wanda ke jakarki, Umma. Waɗancan biyun ya ture su, ya gaji da su. Jakar yake ta nuna min."

Ta shigo tana goge hannu a zane. Yana zaune ya jingina kai, ido a lumshe, fuskarsa a sake yadda ta daɗe ba ta gani ba. In ta kashe yanzu ransa zai ɓaci. In ta bari, ba ta san abin da ke gaba ba. Ta durƙusa gefen rediyon. Har zuwa rabi ta san hanya, ta bi shi. Suka iso daidai inda manaja ya kira ta. Suka wuce.

Gangar ta hau, ta hau, har gilashin taga ya ɗauki rawa. Sai komai ya yanke, saura jita ɗaya. A ƙarƙashinta aka ji hayaniyar mutane da takun ƙafafu, sannan muryar wani namiji ta cikin lasifika, a wani yare da ba wanda ya sani a ɗakin, yana jan ƙarshen kowace kalma irin jan masu shela.

Ta kai hannu. Kafin ta taɓa maɓallin ya cafke wuyan hannunta da hagunsa. Ba ta san sauran ƙarfinsa ya kai haka ba.

"Baban Auta, bari in kashe. Kuskurena ne, bari in kashe."

Bai sake ta ba. Idonsa a buɗe yake yanzu, yana kan rediyon. Ta dubi leɓensa. Ba ya motsi, don ba kalmar da zai kama. Ya ɗan karkata kai yadda yake yi a da in sabon yaro ya karɓi makirufo a tasha. Hawaye ya gangaro ta ɓarin da ya shanye, inda ba ya iya sharewa. Ta dubi jijiyar wuyansa, ta kasa tantance ko ta miƙe ne ko hasken taga ne. Tafin hannunsa da zafi. Mutumin cikin faifan ya ci gaba da kiran garuruwansa, jitar tana bin sa a hankali.

"Umma, in cire wayar rediyon daga bango?" Auta ta tambaya da raɗa, tana tsaye a bakin ƙofa.

Shiru-shiru ta dubi hannun da ke riƙe da ita. Ta gyara durƙuso, ta janye ɗayan hannun daga kan rediyon ta ɗora a gwiwarsa.

"A'a, bar shi. Je ki ɗauko min abin awon jini a kan durowa, ki zo ki ɗaura masa a hankali. Don Allah ki bi ta bayan kujera, kada ki tare masa."