Ranar da aka yi wa Baba addu'ar mamaci a taron Safiya

Shekara bakwai ke nan da ciwon sikila ya ɗauke ƙanwata Safiya, wata biyu bayan ta gama jami'a a nan Maryland. Na saba in yi mata addu'a in yi shiru. Bana dai abin da na gani a garin Sterling ya hana ni shiru.

Safiya tana goye aka kama mahaifinmu a Kano, zamanin soja, saboda wata lacca da ya yi wa ɗalibansa. Ya shiga da ƙafafunsa, aka fito da shi ranga-ranga, har yau a keken guragu yake, a gidana da ke Largo. Da farar hula suka dawo an kafa kwamiti, Baba ya je ya ba da shaida, aka saurare shi da ladabi, shi ke nan. Ba wanda aka hukunta, ba wanda ya zo ya amsa laifinsa a gaban Baba.

A kan wannan ta yi binciken kammala digirinta, amma ta ƙofar da ba mu zata ba: opera, wasan kwaikwayon nan na Turawan da, wanda ake rera kowace magana da waƙa. 'Yan uwa sun yi dariya, wai an tura yarinya karatu ta ɓige da sauraron ihun Turawa. Ta taɓa jana zuwa kallon wani a Washington da tikitin ɗalibai. Ban fahimci ko kalma ɗaya ba, sai dai a ƙarshe na ga sarki ya fito ya yafe wa kowa, fursuna da wanda ya ɗaure shi suka jeru suna waƙa tare. A jirgin ƙasa muna komawa ta ce, "Yaya, kin lura ba wanda ya tambayi fursunan ko ya yafe? A madadinsa aka yafe. Haka aka yi wa Baba." Abin da ta rubuta ke nan, cewa afuwar da mai mulki ya raba ba da yawun wanda aka zalunta ba, zalunci ne na biyu.

A watan jiya ƙungiyarmu ta 'yan gida ta shirya taro a Sterling don ba ɗalibai tallafin karatu da sunan Safiya. Na ji daɗi, har na dafa waina na kai. Ina shiga zauren sai na ga babban baƙo a kujerar gaba, cikin farar shadda, da carbi: tsohon hafsan da ke riƙe da wurin da aka tsare Baba. Ashe ya yi ritaya ya dawo nan kusa da 'ya'yansa, kuma shi ya fi kowa ba da gudummawa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Likitoci da injiniyoyi suna ta rusuna masa, shi kuwa ya tashi ya yi wa yara nasiha a kan a manta da baya.

Aka kai ni in gaishe shi. Ya tambaye ni 'yar gidan wa, na faɗi sunan Baba sarai, ina kallon idonsa. Ko gezau. Ya ce, "Allah sarki. Allah ya ji ƙan sa."

Na samu shugaban ƙungiya na ce a cire sunan ƙanwata daga wannan abu. Ya ce in yi haƙuri, abin da ya wuce ya wuce, kada in raba kan jama'a. Na ƙi. An cire, kuma yanzu akwai matan da ke kau da kai in mun haɗu a shagon kayan miya na Hyattsville, wai na cika riƙo.

Da Safiya na raye, na san ba za ta yi mamaki ba. Ni ce na zaci teku tana raba mutum da halinsa, ashe har da fadancinmu muka yi biza.

Da na ba Baba labari sai ya ce, "Ki gaya masa ban mutu ba. In yana neman gafara, ƙofa a buɗe take, amma ya zo da bakinsa."

Bai zo ba. Safiya ba ta bar ɗa ba, ba ta bar dukiya ba, yanzu ko tallafi da sunanta babu. Abin da ta bari shi ne gida guda a Largo da ba a yi masa dole ya ce ya yafe ba. Allah ya ji ƙan ta, ya kai haske kabarinta.