Na'urar Yaya Lawali da ranar da rezo ya ɗauke

Shekara uku ke nan da rasuwar yayana Lawali, Allah Ya jiƙansa. Ban yi niyyar rubutu ba. Abin da ya same ni makon jiya ne ya sa.

Yaya ne ke kula da ordinatoci, wato kwamfutoci, na wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a bakin Birni. A wani ɗan ɗaki ya ajiye na'urar da ya saya da kansa, sarba suke ce mata, ita ke riƙe da dosiye, wato bayanan jinya, na kowane majinyaci. Kullum da hantsi sai ya kakkaɓe mata rairayi, ya duba batir, ya dafa jikinta kamar mai jin zazzaɓin jariri. Mai asibitin ya sha ce masa a bar wannan wahala, a yi hayar na'urorin kamfanonin ƙetare, waɗanda ba ka ganinsu, ba ka gyaransu, sai an kira su ta intanet suke tashi aiki. Yaya bai ƙi gaba ɗaya ba. Saƙonnin tuna wa mata ranar rigakafi can ya kai su, don aiki ne na jefi-jefi, in ya makara ba mai mutuwa. Yakan ce wa mai asibitin, "Amma abin da za a buɗe mutum na kwance, Likita, wannan a gida zai zauna."

Kuskurensa guda ne: bai koya wa kowa ba. Da ya rasu, kawunnanmu suka sa na'urar cikin kayan gado, tunda tasa ce. Asibiti ya kwashe dosiyoyin ya kai ƙetare. Na'urar kuwa ni ta faɗo wa. Tana ɗakina, lulluɓe da tsohon zane.

Makon jiya zazzaɓi ya kayar da ni, ga cikin wata bakwai. Aka kai ni asibitin. Tun safe ba rezo, wato layin intanet, a unguwar. Majo, babban ma'aikacin jinya, ya riƙe sirinji ya ce, "Hajara, wace allura ce jikinki ba ya so?"

Na san akwai wadda ta kusa kashe ni ina kwaleji. Sunanta dogon Faransanci ne.

"Ban sani ba, Majo. Yaya ne ya rubuta."

Ya kalli ordinatar, ba ta buɗe ba. Ya ajiye sirinjin. Muka jira har la'asar, jikina na ci kamar garwashi, hannuna a kan ciki ina neman motsi. Da rezo ya dawo, sunan da ya fito shi ne na abin da ke cikin sirinjin.

Me Yaya zai ce yau? Ba na jin zai zagi mai asibitin. Na'ura a gida mutum take so, mutumin kuwa yana cikin kushewa. Amma wadda ke nesa hanya take so, hanyarmu kuma yankewa take ba sallama.

Abin da ya rage min daga gare shi tambayarsa ce: in abin nan ya tsaya wuni guda, wa zai mutu? Na sa Majo ya rubuta min sunan allurar a takarda. Wani baduku a Birni ya ɗinka mata gidan fata mai marfi. Tana wuyana. Saura wata biyu in haihu.