Zanen da Ke da Fuskar Shugaba

Ranar da soja suka karɓi mulki, waɗanda ke tsakar gidanmu a Unguwar Sanusi su ne ni, da babban ɗana mai aiki a masaƙa, da matarsa, da ɗan hayarmu mutumin Filato, da Madam ɗinsa mai sayar da tumatir. Tun safe rediyo ba ta da zance sai kiɗan soja.

A kan igiya kuwa ga zanena yana shan iska, atamfar da aka raba mana lokacin zaɓe, mai fuskar shugaban da aka ce an tumɓuke. Da shi nake fita suyar ƙosai a bakin titi.

Ɗana ya ce, "Inna, a ƙona zanen nan. In soja suka gan ki da shi, tsallen kwaɗo za su sa ki."

Na ce, "Wanda ya suturta ka, ba ka tuɓe shi don ka ji ganga. Ni ban ji ya ce ya sauka ba."

"Inna, yana hannunsu fa, ta ina zai yi magana?"

"To, sai ya samu hali. Ina jira."

Ɗan haya ya ce, "Mama, ko ki ɗaura shi a baibai?"

Na ce baibai ɗaurin munafukai ne.

Sai Madam ta ce, "Ku ƙyale Mama. In soja sun tare ta, ta juya musu baya kawai, sara mata za su yi. Tun zaɓe a kan fuskar mutumin nan take zama."

Surukata ta ruga ɗaki, ina jin ta tana toshe dariya da filo. Na sauke zanen na duba. Gaskiya ne, har hancin bawan Allah ya koɗe saboda gugar kujerar suya. Na gaya wa ɗana laifin 'yan masaƙa ne, da ba su san inda ake ajiye babban mutum ba.

Washegari na ɗauro shi. Fuskar ba ɗaya ba ce, duk yadda na juya zanen sai wata ta faɗa baya. Sai na bar kujerar a gida. Wani soja ya tsaya, ya dubi fuskar, ya dube ni, ya ce a ƙara masa yaji. A tsaye na yi suya har ƙullun ya ƙare.