Gadin Mai Auna Kawuna

Aikina na farko a birnin New York wankin kwanoni ne, na biyu tuƙin tasi. Na ukun, wanda na daɗe a kansa har gemuna ya yi fari, gadi ne a wani gidan adana kayan tarihi. An ba ni zaure guda a bene na sama. A bakin zauren akwai mutum-mutumin tagulla na wani Bature, kai da kafaɗu kawai, da gashin baki kamar tsintsiyar laushi. Matata ba ta taɓa kiransa komai ba sai gunki. In na yi shirin fita da safe takan ce, "Malam, a gaida gunki." Na sha gaya mata zaure nake gadi, amma ba ta daina ba.

Karatuna bai yi nisa ba, sai dai ina da kunne, kuma ina son abu ya zo a jere. Masu zagayawa da baƙi sukan tsaya gaban mutumin su ba da tarihinsa, kowa da inda yake farawa, wani ma daga mutuwarsa. Ni na tattara na jera shi yadda ya kamata. An haife shi a wata ƙasar Turai. Iyayensa suka kawo shi garin nan yana yaro, babu Turanci a bakinsa. Ya yi leburanci da rana, makaranta da yamma, har ya zama likita. Daga nan ya bar duba marasa lafiya ya koma auna mutane: tsawo, faɗin goshi, kewayen kai, har hanci. Wai yana son ya gano daga ina kowace al'umma ta taso.

Zuwa nan ba ni da abin zargi. Baƙo ne irina, ya sha sanyin da na sha. Ban da haka, ranar Asabar nakan sayar da huluna a shagon wani abokina a unguwar Harlem, kuma mai sayar da hula dole ya auna kai. Saboda haka na ɗauke shi abokin sana'a. In na shigo da safe nakan ɗan ɗaga masa haɓa, ba gaisuwa ba ce, alama ce dai ta na gan ka.

Sai aka ɗauki wata sabuwar mai zagayawa da baƙi, ita kuwa ta ƙaro abin da sauran suke tsallakewa. Ta ce bai tsaya kan masu rai ba. Ya bi ƙauyukan mutanen ƙasar nan na asali ya tone kaburbura, ya kwashe ƙoƙunan kai ya cika akwatuna, bai tambayi kowa ba. Ya kuma riƙa jera al'ummomi, wannan sama, wannan ƙasa, bisa girman ƙoƙon kai. Ban yarda da magana ɗaya ba, na tambayi babbansu. Ya ce haka ne, kuma ƙasusuwan suna nan a ajiye a wurare da yawa. Daga ranar na sauya wurin tsayuwata, na juya wa mutumin baya.

Abokin gadina, Bazabarme daga Yamai, ya ce na cika zafi. A ganinsa ba a auna mutanen da da mudun yau, kuma da dabarun mutumin nan likitoci suke gane gawar da ta lalace a kai wa danginta. Na ce kabari kabari ne ko a wane zamani. Muka yi ta wannan gardama a lokacin cin abinci, shi da dambunsa ni da tuwona, ba wanda ya ja da baya, ba kuma wanda ya fasa miƙa wa ɗan'uwansa yaji.

Ana cikin haka 'yata ta fari, wadda ta gama jami'a, ta gaya wa uwarta akwai mai sonta. Ni na tsara yadda za a yi: uwar ta fara gaya mini, sannan yaron ya zo ya gaishe ni, sannan magabatansa. Haka aka yi. Mutanen Zangon Kumasi ne, suna zaune a unguwar Concourse Village a nan New York, dattawa masu kamala, suka zo da goro mai kyau. Na tambayi asali, na gamsu. Na tambayi sallah, na gamsu. Da na zo kan sana'a, kawunsa ya gyara zama ya ce da alfahari yaron masani ne a wata jami'a, ƙasusuwan mutanen da yake aunawa.

Na ajiye goron da ke hannuna, na ce zan yi shawara.

Gidana ya yi tsit. 'Yata tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa, a kwanakin nan kuwa ko Turancin ya ƙare, daga ina kwana sai sai da safe. Uwarta ce ta tare ni ina ɗaura takalmi. "Malam," in ji ta, "kai da ka yi shekara da shekaru kana gadin gunki, wa ya raba ka da matarka?" Na ce wannan daban. Ta ce to, ta miƙo mini kwanon abincina.

Ni ba na yanke hukunci ban gani ba. A fara gani, a tambaya, sannan a yanke. Na aika wa yaron cewa zan zo wurin aikinsa, in ga abin da yake yi da idona. Ya tarye ni a ƙofa, ya rusuna, ya karɓi jakata, ya kai ni ofishinsa ya ba ni shayi. Ya bayyana mini aikin, kuma na lura a jere ya bayyana shi. Ƙasusuwan da ke wurinsu irin waɗanda aka kwaso ne a zamanin mutumin tagulla. Suna fara neman dattawan al'ummar da ake zaton nasu ne. In sun yarda a auna, sai a auna don a san wane ƙashi ne na wa, kada a haɗa mutum biyu a likkafani ɗaya. In sun ce kada a taɓa, ba a taɓawa. Daga nan a mayar musu su binne. Bai ɓoye mini ba, ya ce yawancin dabarun da yake aiki da su daga littattafan mutumin nan suka fito. Na tambaye shi, to mutumin kirki ne ko mugu? Ya ce shi ma har yanzu gardamar yake yi da kansa.

Na miƙe na ce ya buɗe mini ɗakin da ƙasusuwan suke in gani. Ya sunkuyar da kai, gumi ya tsatso masa a goshi duk da sanyin ofishin.

"Baba, ka yi haƙuri, ba zan iya ba. Masu su ba su yarda a kalle su ba."

Na ce ya san ko ni wane ne, ya san kuma abin da ke hannuna? Ya ce ya sani. Bai matsa daga inda yake ba, mabuɗin kuma yana rataye a wuyansa ina ganinsa. Na ɗauki jakata da kaina na fita, ko shayin ban ƙarasa ba.

A jirgin ƙasa raina a ɓace yake, don ban saba yaro ya ce mini a'a ba. Amma tafiyar da tsawo, ni kuma in na zauna sai na jera abu. Mutumin tagulla ya buɗe kabarin mutane babu wanda ya ba shi izini. Yaron nan kuwa ya ƙi buɗe ƙofa ga mutumin da aurensa ke hannunsa, saboda wasu dattawa da ba za su taɓa sanin ya buɗe ba. Kafin in sauka na gama shawara. Ban gaya wa kowa a gida ba, na dai ce wa matata miyar ta yi daɗi, ta kalle ni ta gefen ido ta wuce kicin tana murmushi.

Ranar Asabar na sa aka kira yaron shago a Harlem. Ya shigo kamar wanda aka kawo gaban alƙali. Bazabarmen yana nan, ya zo kallo, ya ce wai wucewa yake yi. Na ciro tef ɗin awo daga aljihu na warware shi.

"Ka yarda in auna kanka?"

Ya dube ni, ya dubi hulunan da ke jere, sannan ya gane hular ango nake nufi. Ya durƙusa nan take ya ce ya yarda. Na zagaya tef ɗin bisa goshi, ta saman kunnuwa, zuwa ƙeya. Na duba, na sake aunawa. A duk shagon babu hular da za ta shiga kan nan. Muka gwada mafi girma, ta tsaya masa a tsakar ka kamar murfin tukunya. Bazabarmen ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce da mutumin tagulla ya ga wannan kai da ya tashi daga kan dutsensa.

Dole na aika Kano a ɗinko masa tasa ta musamman, na kuma ce ba za a sa ranar ɗaurin aure ba sai ta iso. Da yamma 'yata ta kawo mini ruwan alwala da kanta, ta tambaye ni da Hausa, Hausar da na daɗe ban ji a bakinta ba, ko mai ɗinkin yana da sauri. Na ce mata hula ba ta son gaggawa, amma na riga na buga masa waya.